Gashin da Muka Mayar Rigasa

Funtuwa zuwa Kawo

Ina sallame sallar asuba na saɓa jaka. Damina ce, an kwana ana yayyafi, tsakar gida sai santsi. Maigidana ya kai ni tasha a babur, tun daga ƙofar gida har bakin mota yana mita. Wai ya ji ana zuwa Kaduna biki, ya ji ana zuwa gaisuwa, amma bai taɓa jin matar da ta bar 'ya'yanta da ɗinkin mutane ta tafi rabon gashi ba. Na ce masa to yau ya ji, kuma kada ya manta ya ba Ummi maganin tarinta.

Gashin yana hannun Goggo Rabi ne, ƙanwar babana, wadda na yi firamare a wurinta a Kaduna. Duk dangi Goggo Dakta muke ce mata, duk da ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta shi ne binciken wasu sinadarai da jiki ke buƙata ɗan mitsitsi, kamar yadda miya ke buƙatar gishiri. In suka yi ƙaranci sai garkuwar jikin yaro ta yi rauni, gudawa ta kama shi ta ƙi saki, ƙyanda ta zo ta tarar ba shi da ƙarfin tsayawa. Wanda ta fi ƙarar da rayuwarta a kansa shi ne zinki. A zamanin da ta fara aiki, ɗaya daga cikin hanyoyin auna shi ba tare da an ɗebi jini ba ita ce a yanki ɗan gashi a ƙeyar yaro a kai ɗakin gwaji.

Ku da kuke karanta wannan a gida kun san girman abin da take roƙo. Mu da ko tsefe kitso muka yi sai mun tattara abin da ya zuba mun binne, don kada ya faɗa hannun mugu, sai ga baƙuwa da almakashi tana son gashin ɗanka. Don haka Goggo ta yi wa iyaye mata rantsuwa. Ta ce kaɗan za a narkar wajen awo, abin da ya rage kuma za ta dawo da shi hannun kowace uwa. Sai aiki ya yi ta janta, karatu a waje, sauyin wurin aiki, koyarwa, har shekara talatin da wani abu suka shuɗe. Bara ta yi ɗan shanyewar ɓarin jiki. Tana samun sauƙi ta sa aka buɗe kwalayen da ta kwaso daga ofis ranar ritaya, sai ga ragowar gashin a cikin gwangwanin biskit, kowanne a ƙunshinsa na takarda, da sunan yaro da na uwarsa. Tun ranar ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. Ta rarraba mafi yawa ta hannun tsoffin ungozomomi. Uku suka rage, ta ce waɗannan da ƙafarta za ta kai, kuma sai da ni.

Ɗaya daga cikin ukun shi ne ainihin dalilin tafiyar. Na wani yaro ne Auwalu, ɗan wata mata Tabawa. Ba a daɗe da yankar gashinsa ba ƙyanda ta kama shi, ya rasu. Uwar ta zo har bakin asibitin unguwa, gaban mata, ta nuna Goggo da yatsa ta ce ita ta taɓa kan ɗanta, kuma ba ta yafe ba duniya da lahira. A waya Goggo ta ce min, "Hajara, na san ba almakashina ya kashe shi ba. Amma alkawari na ɗauka, kuma matar nan tana da rai. Ba na so in mutu da wannan kalma a kaina."

Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya, kuma Allah bai yi ni siririya ba. Dattijon da ke kusa da ni ya yi ta gyara zama yana "sannu Hajiya", wanda ni na san ba gaisuwa ba ce. Muka bar Funtuwa gari na washewa, masara ta yi kore shar hagu da dama. Kafin Giwa muka tarar da shinge. Jami'in ya leƙo ya ce wa direba, "Me aka ɗauko?"

"Bayin Allah da buhun tattasai, ranka shi daɗe."

Ya sa aka buɗe but, ya lalube jakunkuna, ya ɗaga mana hannu. Na ce a raina Allah ya so gwangwanin ba a jakata yake ba, da yau na ga bakin da zan yi bayani da shi.

A Zariya na sauya mota a ƙarƙashin gada, na sayi ƙosai mai zafi da ya fi na garinmu yaji amma bai kai shi laushi ba. Daga nan hanya ta miƙe, sai inda ake gyara muke komawa hannu ɗaya da manyan motoci. Direban wannan karon ba ya magana, rediyo ke yi masa. A Mararraba mata suka yanyame tagogi da gasasshiyar masara, na saya wa Goggo biyu, na ci ɗaya da rabi kafin Rigacikun. Da hantsi muka sauka Kawo.

Hayin Banki

Daga tasha zuwa gidan Goggo ba nisa, amma na hau keke mai ƙafa uku saboda taɓo. Gidan yana nan yadda na san shi, ɗakuna uku da bishiyar gwaiba, sai dai mai gidan ce ta ragu. Ta fito da sanda, hannunta na hagu yana ɗan rawa, gilashi a kan hanci. Na lura da yadda zanenta ya yi mata yawa. Ita kuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Masha Allah. Wannan jikin ya fi duk takardun da na rubuta hujja."

Da rana muka ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, an zuba busasshen kifi ba rowa. Goggo ba ta iya cin abinci ba tare da ta faɗa maka abin da ke cikinsa ba, tun ina yarinya haka take. Ta tambaye ni ko har yanzu ina tula kanwa a wake, na ce na rage, ta ce ƙarya nake, na ce e.

Bayan la'asar ta ɗauko gwangwanin ta buɗe a kan tabarma. Ƙunshi uku, takardar ta yi ruwan ƙasa. Na ce, "Goggo, ga 'ya'yanki a Abuja da motocinsu. Me ya sa sai ni?"

"Su cewa suke in zuba a rami in huta. Ke kuma ke na fara yanke wa, ko kin manta?"

Na manta kuwa, sai da ta faɗa ya dawo min. Ranar Asabar ce, ba makaranta, ta tafi da ni wani gida cike da mata masu goyo. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne, ta ture min ɗankwali, ta ce musu wannan 'yar yayanta ce, su duba. Na ji sanyin almakashi a ƙeya, ƙaf. Ta saya min alewa a hanya. Ni a lokacin na ɗauka ladan zama shiru ne.

"To gobe za ki tsaya kusa da ni su gan ki," in ji ta. "Kar ki ce komai. Tsayuwar kawai nake so."

Da safe maƙwabcinta Malam Isiya mai keke ya zo, dattijo mai furfura da ya yarda ya yi mana jigila har mu gama. Muna shiga ya ce, "Hajiya Dakta, ni fa shekarun nan ina son in tambaye ki. An ce aikin zinki kika yi. To na ɗakina yana yoyo, wane iri kike ganin ya fi ƙarko?"

Ashe duk zamansu ya ɗauka kwanon rufi ta karanta har ƙasar waje, don a Kaduna da yawa haka suke kiran kwanon. Goggo ta yi dariya har sai da ta cire gilashi. Ta ce masa ƙarfen ɗaya ne, nasa yana hana kwano tsatsa, nata yana cikin nama da kifi da gyaɗa, yana taimakon jiki ya kare kansa. Malam Isiya ya jinjina kai ya ce, "To ai duk rufi ne." Goggo ta ce da ta san wannan bayanin tun da farko, da ta huta da dogon turanci.

Gidan farko layi biyu ne kawai daga namu. Hajiya Ladi ta karɓi ƙunshin ta juya shi, ta karanta sunan ɗanta Sabi'u, sai ta fashe da dariya. Ta aika aka kira shi daga rumfarsa ta walda. Ya shigo, mutum ƙato, ya durƙusa ya gaishe mu, uwar ta ce ya cire hula. Kansa sanƙo tal, yana ƙyalli.

"Kin ga abin da kika jawo, Dakta," in ji Hajiya Ladi. "Ashe nasa na ƙarshe ke wurinki. Ba shi ya je ya liƙa."

Aka yi ta dariya, aka kawo mana zoɓo. Amma na lura da muka miƙe, ba ta bar ƙunshin a kan tabarma ba. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Unguwar Kanawa

Muka fito babban titi muka gangara kudu. Motoci sun yi cunkoso a gadar Kawo, Malam Isiya yana kutsawa ta inda ni ko akuya ba zan kora ba. Unguwar Kanawa ta canza min. Inda na san fili yanzu shaguna ne, amma lungunan ciki suna nan da tsoffin zaurukansu da kwatoci a buɗe.

Ƙunshi na biyu na wata yarinya ce Zulai. Uwarta ta rasu, ita kuma yanzu ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar. Can muka same ta, mata sun cika benci da jarirai. Tana ganin Goggo ta ajiye abin da ke hannunta ta zo ta durƙusa har ƙasa, da farar rigarta.

Goggo ta miƙa mata ta ce, "Uwarki na yi wa alkawari, na makara. Ki yi haƙuri."

"Mama, ai Inna ta sha faɗa min. Takan ce matar nan za ta kawo, mai gilashi ba ta ƙarya." Zulai ta share ido da bakin hijabi. "Zan kai gida in binne a inda take shanya."

Ba ta bar mu mun tafi ba. Ta ja mu ciki, ta sa Goggo a kujerarta. Wata yarinyar mata ta shigo da ɗa a kafaɗa, ya yi laushi da gudawa. Zulai ta duba shi, ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta ba ta ƙananan ƙwayoyin zinki, ta ce ta narka a nono ko ruwa a cokali, ta ci gaba da ba shi ko ya warke har su ƙare. Sannan ta ce, "In ya fara ci, ki koma masa kunun Dakta."

Goggo ta ɗago. "Kunun wa?"

Sai Zulai ta yi murmushi ta ce ai sunansa ke nan a unguwar tun tana ƙarama. A jiƙa gero ya kwana, a bar ƙullun ya ɗan yi tsami, a dama da gyaɗa, a barbaɗa garin busasshen kifi. Ta ce yawancin matan da ke benci ba su san wace ce Daktar ba, wasu ma sun ɗauka namiji ne. Ta ce malamar da ta koyar da su abincin yara a makarantar kiwon lafiya ɗalibar Goggo ce, kuma ba ta rufe darasi sai ta ambace ta.

Ni dai na ji daɗi har raina, na so in fita benci in nuna musu ita. Goggo kuwa sai ta hau gyara. Ta ce jiƙon gero kakanninmu ne suka fara, ita aunawa kawai ta yi ta ga yana sa jiki ya fi amfana da abin da ke cikin hatsin. Ƙwayar kuma aikin mutane ne masu yawa a ƙasashe da yawa, nata bai wuce loma ɗaya a cikin akushi ba. Tana faɗa tana kallon yaron da ke kafaɗar uwarsa. Da suka fita ta ce a hankali, "Lokacin Auwalu babu wannan ƙwayar a asibitocinmu."

Nan ta tambayi labarin Tabawa, don a wannan unguwar ta san ta. Zulai ta ce ta daɗe da komawa Rigasa wurin ɗanta na biyu, tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta kwatanta mana gidan, sannan ta ce, "Mama, gara ki sani. Tun daga lokacin ba ta sake taka asibiti ba. Jikokinta ma a ɓoye surukarta ke kai su rigakafi. Ko aski za a yi musu, tana tsaye a kai har a share."

Goggo ta ce ta gode. A hanyar komawa muka tsaya na sayi waina da miyar taushe a wani lungu da Malam Isiya ya rantse babu irinta a arewacin Kaduna. Gaskiyarsa ne. Goggo ta ci guda ɗaya ta ture kwanon.

Rigasa

Washegari muka bari rana ta ɗaga, don Goggo ta ce ba a zuwa wa mai sana'a da sassafe. Muka ratsa gari ta Kurmin Mashi, muka hau baifas inda tireloli ke wucewa suna girgiza keken, muka karya a Bakin Ruwa. Daga nan Rigasa ta haɗiye mu. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba ranar da ba kasuwa ba. Masu kayan miya, masu faci, masu cajin waya, 'yan makaranta, kowa da inda ya nufa. Muka bar kwalta muka shiga layi, layi ya haifi lungu, har Malam Isiya ya tsaya gaban wani kududdufi ya ce, "Hajiya, nan ne iyakar ƙarfina. In na shiga sai an ciro ni da igiya."

Muka sauka. Na riƙe Goggo a hannun dama, gwangwanin a jakata, muna bin gefen katanga a kan duwatsun da mutanen layin suka jera. Ta tsaya hutawa sau da yawa. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ne ya nuna mana gidan tun kafin mu tambaya.

Muka yi sallama, wata matashiya mai goyo ta amsa, surukar ke nan. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Tabawa tana bakin murhu tana murza tunkuza, doguwar tsohuwa baƙa, hannuwanta duk mai. Ta amsa gaisuwarmu ba ta ɗago sosai ba. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa. Sai ta ɗago ta dubi Goggo, ta daɗe tana dubanta. Hannunta ya tsaya a cikin kwano.

"Mai almakashi," in ji ta.

"Ni ce, Tabawa."

Surukar ta dube ni, na dubi ƙasa. Na tuna aikina, na gyara tsayuwa kusa da Goggo, amma ko kallo ban ishi Tabawa ba. Duk ƙibar da aka ɗauko tun daga Funtuwa don hujja ba ta yi amfanin komai ba.

Goggo ta ce, "Ban zo in yi miki gardama ba. Na ce zan dawo da abin da ya rage, ban dawo da wuri ba, wannan laifina ne. Ga shi na kawo."

Na buɗe gwangwanin na ɗauko ƙunshin. Don in tabbatar, na fara karanta abin da ke jiki, "Auwalu, ɗan..."

"Na san sunan," in ji Tabawa.

Sai kunya ta kama ni. Ɗan fari ne. Duk 'yan shekarunsa a duniya ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba, ba ta ɗauke shi gaban mutane ta yi masa wasa ba, kuma ranar da ya rasu ba a sa ran a ga hawayenta. Tsayuwar da ta yi a bakin asibiti tana nuna Goggo, a nan ne kawai ta samu ta ɗaga murya a kansa. Wannan ni na gane shi a tsakar gidan, ba wanda ya faɗa min.

Ta tashi ta wanke hannu da toka, ta sake wankewa da sabulu, ta goge a zane har sau biyu. Sannan ta zo ta karɓa. Ta warware takardar a hankali. Ɗan gashi ne da bai fi a rufe da babban yatsa ba, laushi, ja-ja kamar gashin masara.

Ta daɗe tana kallo. Man da ke kan wuta ya fara hayaƙi, surukar ta lallaɓa ta sauke.

"Ja ne ashe," in ji Tabawa. "Ni a raina baƙi nake ganinsa."

"Ja ne," Goggo ta ce. "Shi ya sa na ce miki a ranar a kai shi babban asibiti. Jikinsa ya riga ya gaji tun kafin ƙyandar."

"Kin faɗa."

Ta sa ɗan yatsa ta shafa gashin sau ɗaya. Surukar ta raɗa min cewa ko hotonsa babu, ita ma ba ta taɓa jin labarinsa daga bakin tsohuwar ba, sai a wurin mijinta. Tabawa ta naɗe takardar yadda take, ta miƙe ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Muka jira. Aka kira azahar, muka yi salla a nan kan tabarmar. Labulen bai motsa ba. Surukar ta leƙa ta dawo ta ce, "Ku yi haƙuri, Mama. Ta juya wa ƙofa baya." Ta ƙulla mana ƙuli-ƙuli a leda, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Goggo ta dafa ni ta miƙe. A bakin labulen ta tsaya ta ce, "Tabawa, na tafi. Ina Hayin Banki, gidan mai gwaiba bayan masallacin layin masu katako. In da haƙƙinki a kaina, ki yafe min." Ba a amsa ba.

Malam Isiya ya mayar da mu gida. Ni raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Goggo, tsohuwa da ke, da ciwo, kin tako taɓo har ɗakinta, ko ruwa ba ta ce a ba ki ba." Ta ce in yi shiru, ba ni aka yi wa rashi ba. Ta ce alkawari dai ta sauke, sauran kuma ba a hannunta yake ba. Amma da magariba na ga ta daɗe a kan dadduma, kuma ba ta taɓa tuwon ba.

Komawa gida

Da safe na yi mata sallama. Na so in ƙara kwana, ta ce in tafi, masu ɗinki ba su san Tabawa ba. Ta ba ni gwangwanin wai in zuba maɓallai. Na rungume ta, abin da ba mu saba ba, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Malam Isiya ya kai ni Kawo, ya ƙi karɓar ko sisi na wannan ɗan zangon.

Hanyar dawowa ba ta da labari. Ruwa ya tare mu a Jaji, ya rako mu har Zariya. A shingen Giwa jami'in ko leƙowa bai yi ba. Na shiga gida bayan azahar, na tarar Ummi ta warke da tari, an kuma ƙona min tukunya ɗaya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Isiya da kekensa, da Zulai da ta nuna wa Goggo abin da aikinta ya zama a bayan idonta, da surukar Tabawa da ta yi mana shimfiɗa a gidan da ba a so zuwanmu ba. Maigidana ya tambaye ni ko an dace, na ce masa rabi.

Ina cikin ninke kaya bayan la'asar waya ta yi ƙara. Goggo ce, muryarta wani iri.

"Hajara, kin isa?"

"Na isa, Goggo. Lafiya?"

"Kina fita ba da daɗewa ba ta zo. Ita da kanta, tun daga Rigasa, da jikarta a baya. 'Yar wajen shekara biyu."

Na zauna a bakin gado.

"Ta ce ta binne gashin da asuba a ɗakinta, ƙarƙashin inda take kwana. Sai ta kwanto yarinyar ta zaunar a gabana, ta cire mata hula. Ta ce wannan ma gudawa na yawan damunta, in har yanzu ina awon, ga kan nan, in yanka."

"Me kika ce?"

"Na ce na yi ritaya, ba ni da ɗakin gwaji, ba ni da almakashi. Na ce ta kai ta wurin Zulai gobe, ta ce za ta kai da ƙafarta. Sai ta ce to ko ba zan yanka ba, in taɓa kan in sa mata albarka."

"Kika taɓa?"

"Na ce mata hannun nawa rawa yake yi yanzu. Ta ce ba komai. Ta kama shi da nata, ta ɗora a kan yarinyar, ta riƙe har ya daina."